Shayin Baba Radovan da Takardar Nevena

Zuwa ga Yayana Milutin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da uwargidanka Zorka, Ya sauƙaƙa maka ciwon bayan nan da kake ɓoye mana. Mu nan lafiya lau. Mama tana nan da ƙarfinta, jiya ma buhu biyu na tattasai ta gasa, tana yi tana zagin gwiwarta.

Na san 'yarka Nevena ta gaya maka za ta ajiye aikin likita, kai kuma ka ce ta taho Jamus ka nema mata gurbi a kantin magani. Ba ta faɗa maka dalili ba, to ni zan faɗa, don da hannuna a ciki. Wani tsoho ne mai kiwon zuma, Baba Radovan, ta ɗora shi kan maganin tsinka jini. Ta tambaye shi ko yana shan wasu ƙwayoyi, ya ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa. Bayan sati uku aka dawo da shi jini ya daskare masa a ƙafa. Ashe safe da yamma shayin kantarion yake sha, ganyen nan mai furen rawaya da Mama take dafa mana in ciki ya ɓaci, shi kuwa karya ƙarfin maganin yake yi. Ka san mutanenmu, wa zai tsaya gaban likita yana lissafa shayin da ya sha? An ceto ƙafar, amma 'yarka ta daina cin abinci. Ta ce ta karanta wannan, ta ci jarrabawa a kansa, ta zo gaban mutum ta kasa tambaya. Abin da na ɓoye mata shi ne a teburina na kasuwa ya sayi ganyen, har gyara na yi masa.

A asibitinsu duk Laraba da rana suna zama a kicin ɗin nas-nas, ƙananan likitoci da ungozoma da mai haɗa magani, kowa ya kawo kuskurensa na mako a tattauna. Dokar wurin, wanda ya fi kowa girma shi ke fara tona kansa. Nevena ta ƙi zuwa, ta ɗauki hutu, ta rubuta takardar barin aiki. Na ce ta kawo in miƙa mata, ai hanyata ce. Na jira Laraba, na shiga kicin ɗin da takardar a jaka, na buga mata waya na ce ga ni a tsakiyar abokan aikinta kuma yanzu zan buɗe baki. Yaya, ban san yarinyar nan ta iya gudu ba.

Ta iso babban likitansu, Stanimir, yana ba da labarin wata mata da ya sallama yana sabon shiga, ya ce wake ta ci da yawa, ashe hanjinta ne ke shirin fashewa. Shugabar nas-nas, Sista Gordana, ta ce wai shi ya sa har yau in an dafa wake sai ya tashi daga tebur. Aka yi dariya, shi bai yi ba, ya ce shekara talatin ke nan yana tuna fuskar mijin. Sai na ce ni ba likita ba ce, amma ni na sayar da ganyen. Na ce musu in suna son gaskiya daga tsohon ƙauye, su bar tambayar ƙwaya, su yabi ƙarfinsa, su tambaye shi me uwargida take dafa masa da ya sa ya fi samari. Zai zayyano musu har da ma'auni.

Daga nan Nevena ta miƙe, ta ba da labarin da kanta, ba ta rage komai ba. Wani abokin aikinta ƙaramin likita ya ce shi ma bai taɓa tambaya ba, sa'a kawai ya yi. Gordana ta tura mata kofi ta ce, 'yata, sha kafin ya huce, mutum tara na jiranki a layi, kuka sai an tashi.

Yanzu sun ƙara tambayar shayi a fam ɗin karɓar mara lafiya. Ranar Asabar Nevena ta zo kasuwa da littafi tana rubuta sunan kowane ganye, ta kore min masu saye biyu da tambayoyi. Da za ta tafi ta miƙo hannu, na ba ta takardarta, ta ninke ta sa a aljihu. Ba ta yaga ba, Yaya, shi ya sa nake rubuto maka. In ka kira ta, kada ka tambayi yaushe za ta taho. Tambaye ta wa ta duba yau, ka yi shiru ka saurara.

Ka gaida Zorka da Dragoslav da amaryarsa. Mama ta ce ka sa rigar ciki mai kauri.

Ƙanwarka da ba ta jin magana,
Biserka