Huda ta Biyu a Goshin Jirginka

Assalamu alaikum, Baba.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma abin da na kasa faɗa kana zaune a gabana ya hana ni sakat, shi ya sa na ɗauki biro.

Gida lafiya. Umma ta bar Tudun Wada, ta dawo wurinmu nan Nassarawa, ƙafar ta yi sauƙi. Jikarka Safiya ta shiga jami'a, injiniya take karanta kamar yadda ka so. Ɗakin bayan da kake aiki a ciki yana rufe, jirginka na kan tebur.

Shekara nawa ka yi kana harhaɗa shi da gwangwani da darma bayan ka bar koyarwa? Kai da ba ka taɓa ganin teku ba, ka ɗora ranka a kan ɗan jirgin nutso na farko da sojojin Jamus suka mallaka. Ka sha nuna mini jikinsa biyu, ɗaya cikin ɗaya, da tankunan da ke shan ruwa ya nutse. Ka ce a sama da kananzir yake tafiya yana farin hayaƙi, a ƙasa kuma da batir. Abin da ya fi burge ka, bai taɓa yaƙi ba, matuƙa kawai ya koyar. Malami ne irinka, in ji ka.

Ni kuwa kunya kake ba ni. Idan abokan aikina likitoci suka zo, sai in yi sauri in ja ƙofar ɗakin, kada ka kira su kallo. Ka lura, ko?

Da taro ya kai ni Jamus, a garin da aka ajiye ainihin jirgin a gidan tarihi, abu ɗaya ka roƙa: in je in gan shi da idona, in ƙirga maka bututun harba makami a goshinsa. Littafinka ya ce ɗaya ne, amma hoton ya dushe. Kwana biyar na yi, Baba. Na je kasuwa sau biyu. Gidan tarihin kuwa ban je ba.

Da na dawo ka tare ni tun daga bakin mota. Na ce na gani, biyu ne. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Ka daɗe kana kallona, sannan ka ce wanda ya gani ya fi wanda ya karanta. Washegari na ji ƙarar guduma. Ka huda jirgin da ka yi shekaru kana lallaɓawa, saboda maganata.

Bayan rasuwarka Safiya ta duba a wayarta ta nuna mini. Ɗaya ne. Ta ce Kaka ya yi kuskure, ni kuma na yi shiru, na bar ka da laifin. Jiya na kira ta na faɗa mata gaskiya. Tun daga nan ta daina kallon fuskata.

Ka yarda da ni ne, ko ka gane ka rufa mini asiri? Ban san wanne ya fi mini ciwo ba.

Safiya ta ce za ta iya toshe hudar. Na ce ta bari, ba hannunta ya kamata ya yi ba. Na sayo darma, ban dai iya ba tukuna.

Ka yafe mini. Allah Ya haskaka kabarinka.

'Yarka da ba ta je ba,
Hadiza