Fentinku Ne, Amma Sifanuna Ne

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin casar shinkafa da na yi wa aiki a Dutse,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne makanikin injin casa da kuka sallama bayan ƙaramar Sallah. Ba sallamar ce ta kawo ni ba. Akwatin kayan aikina ne kuka riƙe, kuma na yi ta zarya bakin ƙofarku har maigadi ya fara jin kunyar haɗa ido da ni.

Na farko, ranar da kuka ɗauke ni aiki, kamfanin ba shi da ko filaya. Da akwatina na zo a bayan babur: sifanu, guduma, sukundireba, abin cire boris. Maigidana da ya koya mini sana'a a Ringim ne ya haɗa mini su ranar da ya yaye ni, Allah Ya ji ƙansa. Kowane ƙarfe ya yi masa tsaga uku da zarto, yadda yake yi wa kayan duk yaron da ya fita daga hannunsa.

Na biyu, bara da za ku yi manyan baƙi, aka ce a shafe duk kayan aikin da ke wurin da fenti ruwan ɗorawa, don a ga kamfani ya cika. Na yarda, har ni na riƙe buroshi. Yau mai kula da sito ya ce duk abin da ke da wannan fenti na kamfani ne. Yana nan aka shafa, ranka ya daɗe, har da fenti a rigarsa.

Yanzu na ji kun sayar da tsofaffin injina da duk abin da ke ɗakin gyara, motar mai saye za ta zo ɗauka a makon nan. Ga noman rani ya kama, manoman Kafin Hausa suna kawo mini injin ban-ruwa har gida, ina mayar da su. Shekaranjiya sai da na je aron sifana wurin mai facin taya. Iyalina da wannan akwatin suke ci, kuma a shekaruna ba zan iya sake haɗa wani ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Kafin motar ta iso, ku bar ni in shiga da wuƙa in kankare fentin a gabanku, ƙarfe bayan ƙarfe. Wanda babu tsaga ku riƙe abinku. In kuwa duk babu, ku kira mini 'yan sanda da kanku.

Allah Ya ƙara wa kamfani albarka, Ya kuma tsare ka da ranar da za ka tsaya a ƙofar wani kana roƙon abinka.

Wassalam,
Tsohon makanikinku, Dutse.