Asabar Ɗin da Na Bi Keabetswe Gidajen Giya

Meadowlands, Soweto
Watan Yuli

Zuwa ga yayata, Ausi Mmabatho,

Gaisuwa ce daga ƙanwarki, tare da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da tsofaffin da kike kula da su can Leeds. Ina roƙon Ubangiji ya ƙara miki ƙarfin jiki da haƙuri, ya kuma sassauta miki ciwon kafaɗar da kika ce yana hana ki ɗaga hannu. Mu nan da sauƙi. Sanyin bana ya shiga ƙashi, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Kawu Sello ya fara takawa ba sanda. A makaranta yara sun fi ƙarfin ajina, in na dawo gida ko rediyo ba na son ji.

Ausi, na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, domin na san ki. In magana ta ɓata miki rai a waya sai ki ce aiki na kiranki, ki kashe. Takarda kuwa ko kin ajiye ta, za ki dawo ki ƙarasa.

Kin ce in je in ga inda 'yarki Keabetswe take aiki tun da ta bar kamfanin magunguna, in yi mata faɗa, in dawo da ita hankalinta. Kin ce ba ki wanke kashin tsofaffin Turawa don 'yarki ta ƙare a dafa giya ba. Na kira ta, ta ce in shirya ranar Asabar, za ta nuna mini komai da idona. Da hantsi muka haɗu a tashar tasi ta cikin gari. Ta rame, amma ta rungume ni da dariya, tana ce mini Mmane, wato ƙanwar uwa, kamar yadda ta saba tun tana ƙarama. Na ɗauka kai tsaye wurin aikinta za mu. Sai ta ce a'a, mu fara leƙa wurin wasu abokan sana'arta, in ga yadda abin yake.

Wurin farko wani tsohon sito ne da aka share aka saka dogayen tebura. Bayan gilashi ga manyan tukwanen ƙarfe suna ƙyalli, a gaba kuma famfuna a jere jikin bango, kowane da irin giyarsa. Samari masu gemu, 'yan mata, har da masu jarirai da karnuka. Aka kawo mana wani ɗan katako da ƙananan tambulan a kai, wai ɗanɗano. Kea ta ce in shinshina tukuna. Na shinshina, na taɓa da harshe. Ɗaya ɗaci kamar maganin zazzaɓi, ɗaya ƙamshin mangwaro, ɗaya baƙa kamar kofi. Wani yaro mai ɗan kunne ya zo yana yi mini bayanin wata sabuwar giyarsu ta dawa, wai sun farfaɗo da al'adar kakanni. Na dube shi kawai. Na tuna Mama da gangunan giyar da take dafawa a bayan gida, da ranar da 'yan sanda suka kifar da su a cikin kwata, ni da ke muna tsaye muna kallo, Mama ba ta ko yi kuka ba sai da suka tafi. Da kuɗin wannan giyar dawa aka saya mana takalman makaranta, Ausi. Yau ga ta a tambulan mai ƙafa, ana ɗaukarta hoto. Ban ji haushi ba. Gajiya kawai na ji.

Na ce to mu je naki wurin. Ta ce saura ɗaya, Mmane, yana kan hanya. Ba a kan hanya yake ba. Tasi biyu muka shiga, muka taka wani titi mai tudu har gwiwoyina suka fara magana. Muna isa aka ɗauke wuta, janareto ya tashi, ga kiɗa, ga hayaƙin gasa nama, mutum ba ya jin na kusa da shi. Ta sayo mini tuwon masara da nama, ita ba ta ci ba. Sai duba waya take yi tana kifewa. Ta gabatar da ni ga mutum kusan goma da ban riƙe sunan ko ɗaya ba. Duk suna girmama ta, wannan kam na gani. Wata mata mai wurin ta ce mini hancin Kea ya fi na'urarsu, in tukunya ta fara lalacewa ita ke fara ji. Da rana ta karkata na ce mata, “Ke, ni ba 'yar yawon buɗe ido ba ce. Ko ki kai ni inda kike aiki, ko ki sa ni a motar gida.” Ta ce, “To mu je. Amma don Allah kada ki yi ihu a gaban mutane.”

Wurinta ƙarami ne, a bayan wani garejin gyaran motoci, ya fi sauran natsuwa. Tebura kaɗan, tukwane a ciki, takalman roba a jere bakin ƙofa. A teburin kusurwa, inda rana ke shigowa, wani tsoho na zaune da babbar riga da hular sanyi, hannu biyu riƙe da tambulan. Na wuce shi ban gane shi ba. Sai na ji ya ce, “Dikeledi, har yanzu kina nan da hararar nan taki?”

Ramotse ne, Ausi. Mijinki na da, uban Kea.

Da ba don muryar ba, da ban yarda ba. Mutumin da ke cika ƙofa in ya shigo, ya koma kamar sanda. Idanunsa sun yi rawaya, cikinsa ya kumbura a ƙarƙashin rigar. Na ce masa, “Ina nan. Kai ne na ɗauka ka daɗe da mutuwa.” Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce saura kaɗan, in ƙara haƙuri. Ya ce tun azahar yake jirana, an ce masa za a kawo babbar baƙuwa, ashe malamar firamare ce. Na dubi tambulan ɗin hannunsa, na dubi Kea. Ta ce babu barasa a ciki, ita ta dafa masa ita musamman, yanzu har wasu na zuwa nema. Shi kuma ya ce kada in yarda a ba ni, ruwan wankin kwalba ne aka yi wa kumfa. Amma bai saki tambulan ɗin ba.

Na ja ta ciki, wurin tukwanen, inda ƙasa ke jiƙe da ruwan wanki. A nan ta faɗa mini komai. Tun bara wata ma'aikaciyar jinya da ta san mu ta kira ta, ta ce ga mahaifinta a layin asibiti ba mai kula da shi, kuma a tashar mota yake kwana. Hantarsa ta ƙare, likitoci sun ce sai dai lallaɓawa. A falonta yake kwana yanzu. Ranar da take aiki takan zo da shi nan, domin in ta bar shi a gida shi kaɗai yana fita. Ban da haka ma watan jiya ta tsinci 'yar kwalba a aljihun rigarsa. Ba ta ɓoye mini wannan ba. Yawon da ta yi ta yi da ni tun safe kuwa, tsoro ne kawai. Ta kasa kawo ni.

Ban yi ihu ba, amma na faɗa mata maganganu. Na ce kin manta mutumin nan shi ya sa uwarki ta riƙa kulle kanta a banɗaki? Kin manta haƙorinta da ya karya? Ta tsaya da tiyon ruwa a hannu, ta ce, “Ban manta ba, Mmane. Ai ina cikin banɗakin tare da ita.” Ta ce ba ta yafe masa ba, ba ta ma san ko za ta yafe ba, amma ba za ta iya tafiya aiki kowace safiya ta wuce ubanta kwance a kan kwali ba. Na tambaye ta ko saboda shi ta shiga wannan sana'a. Ta ce babu ruwansa, aikin take so, tun kafin ya dawo, kuma ta gaji da a riƙa auna duk abin da ta yi da shi. Sannan ta zauna a kan buhun tsiron hatsin da ake dafa giyar da shi, ta yi kuka irin na wanda ya daɗe bai samu wurin yi ba. Na zauna kusa da ita. Duk faɗan da kika aiko ni da shi, ban samu inda zan sa shi ba.

Da za mu tafi Ramotse bai ce in gaishe ki ba, bai ce in nema masa gafara ba, kada ki yi zaton zan ƙara masa abin da bai yi ba. Ya dai tambaya ko can da kike ana sanyi sosai. Na ce ana yi. Ya gyaɗa kai.

Makon da ya biyo baya jikinsa ya rikice, aka kwantar da shi. Yana can har yanzu, wata rana ya gane mutane, wata rana ya kira ni da sunan Mama. Kea na tashi da asuba ta ɗora tukunya a wurin aiki, ta ruga asibiti, ta koma wanke tankuna har yamma. Ganin haka na fara dama masa kunu in na taso daga makaranta, in shiga tasi in kai. Ni, Dikeledi, da na rantse ko jana'izarsa ba zan je ba. Ba don shi nake yi ba, kuma na gaya masa haka a fuskarsa. Ya ce kunun ma ba gishiri.

Game da aikinta, ga abin da na gani. Ba shashanci take yi ba. Yawancinsa wanki ne da awo da ɗaukar buhuna, kuma duk yinin nan ban ga ta shanye tambulan ɗaya ba. Ban ce ki so sana'ar ba. Ni ma ban so ta ba, kuma ba na fatan sake taka waɗannan wurare. Amma ban dawo miki da ita ba, ban kuma gwada ba.

Ba na neman ki yi magana da Ramotse. Abin da ya yi miki ke ya yi wa, babu mai ikon ce miki ya isa. Amma yarinyar nan ta yi wata da watanni tana ɗauke da wannan ita kaɗai, tana yi miki dariya a waya don kada ki gane, tana tsoron ranar da kika ji za ki ce ta zaɓe shi ta bar ki. Ta san na rubuto miki. Ta ce za ta kira ki Lahadin farko bayan takardar nan ta iso, bayan kin dawo daga coci. Ki ɗauka, Ausi. In za ki yi faɗa ki yi, za ta jure. Kada dai ki kashe. Ni inna ce kawai, na kai kunu na kai saƙo iya ƙarfina, amma uwarta take nema, kuma ni na gaji.

Kawu Sello yana gaishe ki, haka ma matarsa Nthabiseng. Ɗana Onkgopotse ya ce a gode miki da rigar sanyi, ta yi masa daidai. Matan ƙungiyarmu ta coci suna sa ki a addu'a kowace Alhamis. Ki gaishe mini da Refilwe abokiyar zamanki, ki ce na gode da yadda take kula da ke.

Ubangiji ya tsare ki, ya sanyaya miki zuciya.

Ƙanwarki,
Dikeledi