An Kashe Aminina a Katun, Na Rasa Mai Cuɗa Mini Baya

Inna Harue, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni mai awara ne a wani ɗan garin bakin teku a tsibirin Shikoku. Shagona na kallon na Tokuji mai kifi, aminina tun muna yara. Ina ce masa Sanƙo, yana ce mini Tumbi. Kullum da yamma in mun rufe shago sai mu nufi gidan wankan unguwa, in cuɗa masa baya, ya cuɗa mini, muna zagin juna.

Bara wasu samari suka zo daga Tokyo suna ta ɗaukar hoton layinmu, suka ci awarata suka tafi. Ashe masu zanen katun ne. Ba a jima ba sai ga layinmu a talabijin duk mako, a labarin wasu yara biyu aminan juna da ƙaddara ta ɗora wa hana wani jan wata da ke sararin sama faɗo wa duniya. Ni sai aka zana ni dattijo mai hikima mai ciyar da yaran, aka ƙara mini gashi, aka rage mini ciki. Shi kuwa Sanƙo, a shirin farko ɓarin wata ya faɗo wa shagonsa, ya mutu riƙe da ƙaguwa.

Daga nan masoyan katun ɗin suka fara cika jirgin ƙasa suna zuwa ziyara, da shuɗin gashi da takubban kwali. Ni su yi hoto da ni, shi su ajiye masa furanni da turare a ƙofar shago. Wata yarinya ta gan shi yana fere kifi da ransa, ta fashe da kuka. Wasu har roƙonsa suke ya kwanta a ƙasa da ƙaguwa a hannu. Inna, wa zai ga haka bai yi dariya ba? Rannan a gidan wanka, cikin mutane, na ce marigayi ya taso ya cuɗa mini baya. Kowa ya dara. Shi ya ɗauki tawul ɗinsa ya fita, har yau bai dawo ba. Wasa ne fa!

To, an nuna shirin ƙarshe. Wai ashe mai awara ne ya kira watan tun farko! Mai kifi kuma ya taso daga matattu, da ƙaguwarsa, ya ceci duniya. Yanzu ni ake roƙo in yi dariyar mugunta. Wani ɗan mitsitsin yaro ya hamɓare ni a ƙauri, uwarsa ta sunkuya ta ba ni haƙuri, amma na ga a idonta ta yarda da shi. Ana liƙa mini takardu a ƙofa, wai maci amana. Jikata Nanami ma ta daina cin awarata, ta ce ƙaddara ce, Kaka, ba a ja da ita.

Ba ma wannan ya fi ci mini rai ba. Na shirya wa tsokanar Tokuji, na tanadi amsoshi masu zafi, amma ko kallona ba ya yi. Sai dai wata sabuwar mugunta: kullum da safe in na duba ƙofata, takardun babu su, ƙofar kuma tana ƙarnin kifi. Na tabbata kifi yake shafa mini don kuliyoyi su dame ni.

Ga shi tsohuwar da ke riƙe da gidan wankan ta gaji, za ta rufe shi ƙarshen watan nan. Kafaɗata ta sage, akwai wani wuri a tsakiyar bayana da hannuna ba ya kaiwa. Ina kewarsa, abin da ban faɗa wa ko matata ba. In kai ƙarar masu katun, ko in jira ya zo ya ba ni haƙuri?

Mai Awarar Da Bai Kira Wata Ba

*

Malam Mai Awara,

Ka bar masu katun su sarara. Lokacin da suka ƙara maka gashi ba ka rubuto mini ba.

Na yarda ba da mugun nufi ka yi ba, kuma wanda aka saba zagin juna da shi bai kamata ya tafi ba ko uffan. Da ya gaya maka ya ji zafi. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutum ya tsufa, baƙi suna ƙona masa turaren matattu a ƙofa kowace safiya, wuri ɗaya ya rage masa inda yake Sanƙo mai rai, kai kuma ka bi shi can ka binne shi. Yanzu da aka hamɓare ka a ƙauri ka ɗanɗana abin da ya sha.

Batun ƙarni kuwa, ka ba ni dariya. Takarda ba ta ɓamɓare kanta. Hannun da ke cire su kafin ka gani, kifi yake kamawa tun asuba. Amininka ya daɗe da fara sulhu, kai kana can kana gadin kuliyoyi.

Ga abin yi. Gobe ka soya awarar da ya fi so, ka tsallaka titi da ƙafarka, ka ce masa ka yi kuskure, ba tare da ka haɗa da “amma wasa ne” ba. Ka gayyace shi wanka, kuma kai za ka fara cuɗa masa. In ya kira ka mai kiran wata a gaban jama'a, ka yi musu dariyar muguntar nan iya ƙarfinka, ka bar shi ya rama. Nanami kuma ka gaya mata ko a katun ɗin nata yaran ba zama suka yi suna jiran ƙaddara ba.

Wata ba zai faɗo wa garinku ba, amma gidan wankan zai rufe, kuma tsohuwar ba za ta jira girman kanku ba. Ka ɗauki tawul biyu. Ina yi maka fatan kafaɗa ta saki, a kuma ji ana zage-zage a gidan wanka kafin a kashe wutar tukunyar ruwan zafi.

Inna Harue