Taken da Na Saya

Isa,
Farkon kaka.

Zuwa ga Yayata Sa'adiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da so da bege, ina fata kina lafiya, da maigidanki, da yara, da mutanen Maraɗi baki ɗaya. Ni dai lafiya lau nike, sai kewarki. Tunda har yau ba a maido muna da sabis ɗin waya ba, ga takarda na ba Lawwali mai babur da ke bi ta Burkusuma. Kada ki yi dariyar rubutuna, na san halinki.

Na kama aiki ɗakin magani na asibiti nan Isa. Na je Kamarawa na gaida Baba da Inna, kuma Inna ta ce kin aiko tambaya, wai mene ne cikin jakar da na rungumo tun daga Indiya kamar jinjiri. To ki riƙe bakinki: ganguna ne. Tabla sunansu, guda biyu, ƙarama ta itace da babba ta ƙarfe, da yatsu ake kaɗa su ana zaune ƙasa. E, ni ɗin nan da na rantse ba ni taɓa kalangun Baba, na je karatun magani na ɓige da koyon kiɗi.

Wani tsoho ya koya mini a birnin Lakno, Musulmi ne, Ustad ake ce mai, wato malami. Yana yi ma masu rawar gargajiyarsu kiɗi, masu ɗaura ƙararrawa ga ƙafa. Yaya, can makaɗi mutum ne. Manyan likitoci na gani suna tuɓe takalmi ƙofar ɗakinshi. Ba a tsallake ganga. Kafin ka buga kiɗi da hannu sai ka iya faɗinshi da baki, dha dhin dhin dha, har shi zauna maka ga harshe. In ɗalibi zai ambaci sunan malaminshi, sai ya kama kunnenshi don ladabi, kuma kowa na iya lissafa kakannin malaminshi kafin shi fara.

Ranar farko da ya ga hannuna ya ce ni ɗan makaɗi ne, kada in yi mishi ƙarya. Shi kaɗai na faɗa ma gaskiya duk zamana ƙasar. Suna da al'ada, malami kan ɗaura ma ɗalibi zare ga wuyan hannu, daga nan ka zama ɗan gidanshi. Na roƙe shi ya ƙi. Ya ce ba ya ɗaukar ɗan wani makaɗi bayan idon ubanshi, in koma in nemo izinin Baba tukuna.

Ƙungiyar matasan Isa za ta yi muna walima, mu da munka dawo karatu waje, kuma sun ce in nuna tabla. Ban gaya ma Baba ba. Kin dai san yadda ake kallon mai kalangu wajen manya, kuma wurin aiki abin da sunka sani shi ne ubana manomi ne. Ai ba ƙarya na yi ba, yana noma. In kin aika saƙo gida kada ki ambata.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanenki,
Hafizullahi.


Isa,
Bayan walima.

Yayata Sa'adiya,

Gaisuwa da fatan kina lafiya da iyali. Jikina lafiya, amma na fi so ki ji abin da na yi daga bakina kafin Lawwali shi kawo miki nashi.

An yi walimar. Hakimai sun zo, da shugabannin wurin aikina. Da anka kira ni na tuɓe takalmi, na zauna kan darduma, na kama kunnena na ambaci Ustad da ubanshi da kakanshi. Anka yi ta tafi, wai Indiyawa akwai tarbiyya. Na kaɗa, kuma hannuna bai ba ni kunya ba.

Ina ɗaga yatsuna sai na ji kalangu daga bayan rumfa. Yaya, takena ne. Wanda Baba ya yi mini ranar da anka haife ni da ruwan farko: ƙanen Sa'a, ruwan shuka, ka zo da albarka. Wani ya ba shi labari kasuwa, ya hau babur ya zo da rigarshi ta Salla. Yana tahowa yana kaɗawa yana dariya, giɓin nan nashi duk a waje. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan ga fuskarshi ba.

Mai riƙe da lasifika, wani da ake kira Malami, ba ɗan garinmu ba ne, bai san Baba ba. Ya ce maroƙa sun iso, don Allah wani shi sallami tsohon nan a ci gaba da taro. Mutane sunka yi dariya, idanu sunka dawo kaina, don gabana Baba ya tsaya. Kalma ɗaya ta ishe ni. Ubana ne, shi ke nan. Maimakon in faɗe ta, sai na ga hannuna ya shiga aljihu, na tashi na manna mishi kuɗi ga goshi, yadda ake yi ma kowane makaɗi.

Kalangun ya yi shiru. Baba ya dube ni, ba daɗewa. Ya cire takardar kuɗin ya naɗe, ya rusuna, ya ce mini ranka shi daɗe, Allah shi ƙara girma. Ya juya ya fita, anka ci gaba da taro.

Da hannun da na kama kunne don uban wani, da shi na yi wanga aiki. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kunya nike ji, Yaya, irin wadda ko abinci ba ya wucewa. Ki zage ni in kin ga dama, zagin zai fi mini shirunki.

Ƙanenki,
Hafizullahi.


Kamarawa,
Lokacin yankan gero.

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Takardarki ta iso. Kin ce ko ɗan akuya ya san muryar uwarshi. Na bi maganarki na zo gida.

Inna ta amsa sallamata ciki-ciki ta koma ga dakanta. Baba kuwa, da ma duka ya yi mini. Yana ganina ya miƙe tsaye, ya shimfiɗa mini sabuwar tabarmar baƙi, shi ya zauna ƙasa. Ya tambaye ni gajiya da aiki da manyan Isa, kowace magana sai ya haɗa da ranka shi daɗe. Na durƙusa na ba shi haƙuri har hawaye sunka zubo mini. Ya ce ai ba a yi komai ba, babban mutum ya yi ma makaɗi kyauta, mene ne abin haƙuri ciki? Ba da gatse ya faɗa ba, da ladabi ya faɗa, shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Kin tuna tun muna ƙanana, ko daga rijiya munka dawo, in kalangu na kusa da shi sai ya ɗan taɓa muna takenmu? Ni har haushi nike ji, ina cewa yana tara muna yara. Na kwana biyu gidan nan, na shiga na fita gabanshi, kalangun na rataye ga maratayi bai ko dube shi ba.

Maganar zaren Ustad ban ma ɗauko ta ba. Da wane baki? Tablar na can Isa cikin jakarta, ban iya buɗe ta. Abu ɗaya nike so yanzu duk duniya, Baba shi daina ce mini ranka shi daɗe, in sake jin takena.

Na tuna yadda ɗaliban Ustad ke yi. Ba a neman yardar malami da baki. Kai ke ɗaukar mishi ganga, kai ke tafiya bayanshi, ko da kai wane ne. Ranar kasuwar Isa Baba zai je yi ma mahauta kiɗi kamar kullum. Za ni bi shi. Ki sa ni addu'a kada in fasa.

Naki,
Hafizullahi.


Isa,
Bayan kasuwa.

Zuwa ga Yayata Sa'adiya,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Ina fata zazzaɓin ƙaramin ya sauka, ga magani nan na haɗo Lawwali da shi, ki bi yadda na rubuta jikin kwalin.

Na bi Baba. Da safe na riga shi ɗaukar kalangun na rataya. Ya ce ranka shi daɗe wanga ba aikinka ba ne, na yi kamar ban ji ba. Rumfar mahauta kuwa tana kan hanyar asibiti, ba wanda zai wuce bai gan mu ba. Yana kiɗi, ana manna mishi kuɗi suna faɗuwa, ni ina duƙe cikin ƙasa da ƙudaje ina tsince mishi. Ba za ni ɓoye miki ba, kunya ta kama ni har wuya, kuma na ji kunyar jin kunyar.

Ana cikin haka sai ga Malami mai lasifika ya zo sayen nama da mutum biyu na wurin aikinmu. Ya tsaya baki buɗe, ya tambayi abin da nike yi nan. Na miƙe, na kama kunnena, na ce wanga shi ne Wakili mai kalangu ɗan Labbo mai kalangu, kuma shi ya haife ni. Daga Labbo na tsaya cik, don ban san sunan na gaba ba, ni da na haddace kakannin Ustad. Baba ne ya ƙarasa mini sauran, bai ɗago kai ba. Malami ya rasa inda zai sa fuskarshi, ya durƙusa ya gaida shi.

Kan hanyar komawa munka tsaya gindin tsamiyar nan ta mararraba. Ya kira ni Hafizu. Yaya, tun ranar walima ban ji sunana bakinshi ba. Ya ce ya yafe, duniya da lahira. Ya ce in gaya ma malamina na Indiya shi ɗaura zarenshi, mutumin da ya san a nemi izinin uba ya isa a ba shi ɗa. Har ya sa na faɗa mishi kiɗin tabla da baki, ya yi dariya ya ce ashe su ma gangarsu na magana.

Ganin ya sake, sai na roƙe shi takena. Ya daɗe yana gyara tsarkiyar kalangun. Sannan ya ce tun yana yaro yake kiɗi, bai taɓa ɗora gula ga kalangu ba sai don a ba shi, in ban da take biyu, nawa da naki. Su kaɗai ne nashi na kanshi. Ya ce takena kuwa na biya shi kuɗinshi gaban jama'a, shi kuma ya karɓa ya yi godiya. In ina so zai kaɗa mini yanzu, ko kullum ma, yadda yake kaɗa ma duk wanda ya biya. Ya ɗaga gular yana jirana.

Na ce a'a, shi bari. Munka hau babur munka tafi gida.

Inna ta ce za ki zo Salla babba. Don Allah ki aiko mini da ranar tun da wuri in nemi hutu. Na san kina sauka daga babur zai ɗauko kalangu shi tarbe ki. In ya fara naki, kada ki ce mishi komai game da ni. Ki dai bar ni in tsaya kusa da ke.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanenki,
Hafizu ɗan Wakili mai kalangu.