Ɗigon da Ya Rage a Tsakiya

Auta,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Umma, kumburin ƙafar ya sauka? Ki gaishe min da yaran Yaya Babba da na Yaya Ƙarami, kada ki ware kowa.

Ni lafiya lau, karatu na tafiya. Abinci ne dai ba ya shiga, amma kada Umma ta ji.

Kin sha tambayata me nake lissafawa. A kwamfuta nake zana jama'a, kowane mutum ɗigo ne, zumunci kuma zare. Idan ra'ayin mutum biyu ya yi nisa sosai, sai zarensu ya tsinke. Jiya malamina ya ce in goge ɗigon tsakiya, wanda kowane ɓangare ke saurara, mu gani. Ina gogewa jama'ar ta dare gida biyu, ba su ƙara haɗuwa ba. Ya ce, "Madalla, lissafi ya fita!" Ni kuwa Baba na gani. Na fita bayan ƙofa na yi ta kuka.

Tun rasuwarsa gardamar siyasa ta raba yayyenmu, kowa ya buɗe zaurensa a waya. Na ga saƙonki, kin ce kin gaji, za ki fice daga duka biyun. Don Allah ki zauna, ko sallama ce ki riƙa yi musu da safe. Ni tuni Yaya Babba ya cire ni, wai boko ya ɓata ni. Ke kaɗai kika rage a tsakiya, Auta.

Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara miki haƙuri.

Yayarki