Bangon da Ba Ya Kallon Gabas

Zuwa ga maigidana, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyi na sabuwar randa,

Assalamu alaikum. Mu nan Gwagwalada lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita ƙofar gida. Zaid na fama da mura tun Lahadi. Ameera ƙalau. Nafeesa ta koma cin abinci. Ni kuwa ba abin da ke damuna sai rashinka, shi kuma ba a sayar da maganinsa a kemis.

Albishirinka, farin watana! Maganar bango ta ƙare, kuma ta ƙare da alheri.

Ka tuna, da aka zaɓi Nafeesa cikin ɗaliban jami'a ta yi babban zane a bangon gari, kwamiti ya so dogon benen nan na bakin titin Lokoja. Daga Fatakwal ka aiko cewa ba da yawunka ba 'yarka za ta hau katako a saman tireloli. Gaskiyarka. Amma ka tafi ka bar ni tsakanin maganarka da hawayenta. Sati uku ina ajiye mata tuwo ina ɗaukewa. Duk motar da ta taka burki, sai gabana ya faɗi. Wa zan faɗa wa? Wa zai dafa kafaɗata ya ce, Yelwa, zauna?

Sai rannan na je na tsaya gaban benen da hantsi, rana ta dake shi a fuska. Ashe gabas yake kallo! Ni da na tashi a Kwali ina ginin tukwane, na san ba a shanya ɗanyar tukunya a gabashin ɗaki, don daga can hadari ke tasowa. Damina biyu, fentin zai ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Na zauna na rubuta wa kwamiti haka, da wannan karkataccen rubutun nawa. Sau huɗu ina yagawa. Ban ce ina tsoro ba, ruwa kawai na ambata. Suka turo magini ya duba, ya ce matar nan ta san abin da take faɗa.

Ka san wane bango suka ɗauka? Ya hasken idona, katangar ajinmu na yaƙi da jahilci, wadda ke kallon yamma! Tsayinta bai fi na mutum da rabi ba. Kan benci Nafeesa za ta tsaya. Ko ta faɗo, yashi ne.

Da na ji, sai da na zauna a ƙasa. Ba a gindin katangar nan kake jirana ba, ƙarƙashin darbejiya, ina da shekara talatin da takwas ina koyon abacada? Kullum ka tsuguna kana kwance fulogin babur, wai ya lalace, don kada abokanka su ce ka zo ɗaukar 'yar makaranta. Wata tara babur ɗin nan yana lalacewa a wuri ɗaya! Ka ɗauka ban gane ba? Kai ne ruwan farko a kan busasshiyar gonata. Kowane baƙi da na iya, a inuwar haƙurinka ya tsiro. Ina zan sami irinka? Ko Fatakwal ta riƙe ka shekara goma, ni taka ce, kamar yadda tukunya take ta wanda ya gina ta.

Saura abu ɗaya. Nafeesa ta ce ba za ta taɓa buroshi ba sai ka janye maganarka da kanka. Ranar Alhamis, sha biyu ga wata, za a shafa farar ƙasa, in ba ta je ba a ba wani. Don Allah ka ba Mato direba amsa kafin ranar, zan sa a karɓo a tashar Utako. Kada ka bugo waya. Ka rubuta, da manyan baƙaƙe, don ni zan karanta mata da bakina.

Taka har ƙasa ta rufe idona,
Yelwa